Ranar da Na Hana Kowa Guɗa

Ko zan manta da komai na shekarar nan, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na durƙusa a tsakiyar zauren Baba Tanko ba, makirfo a hannun dama, waya a hannun hagu, ina jin kaina kamar wata babbar ma'aikaciyar gidan rediyo. Har yanzu in wata mata ta yi guɗa a unguwa, ko da can nesa ne a gidan suna, sai in nemi wurin zama. Mama ta ce abin zai wuce. To, bai wuce ba tukuna.

Baba Tanko yayan kakata ne, Iya Kande, wadda ta rasu ina tsakiyar sakandare. A Rikoto yake zaune, nan cikin garinmu Zuru, kuma makaɗin molo ne tun kafin a haifi mahaifiyata. Tun ina ƙarama tsoronsa nake ji. Ba ya duka, ba ya faɗa, kallo kawai yake yi, irin kallon da zai sa ki tuna laifin da ba ki ma yi ba. Sauran jikoki suna wasan kaka da jika da shi, su sace masa hula, su ce tsohon miji. Ni kuwa in na durƙusa na gaishe shi, sai in nemi ƙofa.

Su huɗu ne a ƙungiyar. Shi da molo da waƙa, Kawu Manu da kalangu (daga Bena yake zuwa a kan babur, kalangun rataye a baya), Buba mai sarewa wanda ke kiwo ta wajen Dirin Daji, sai Gwaggo Asabe mai kiɗan ƙwarya da amshi. Ba su taɓa shiga situdiyo ba. Gidan biki, gidan suna, da gona ranar gayya, nan ne duniyarsu.

Abin da ya jawo ni cikin lamarin shi ne muryar Baba da ta fara dishewa. Likita ya ce wani abu ya fito masa a maƙogwaro, sai an yi aiki a Sakkwato, kuma ya faɗa masa gaskiya: za a iya samun lafiya, amma muryar waƙa ba lalle ta dawo ba. Da wana, Yaya Sani, ya ji, ya kira ni daga Kaduna.

"Ke, kina gida ba abin da kike yi, ko?"

"Ina jiran sakamakon jarrabawa, Yaya."

"To, shi ne ba abin da kike yi. Zan aiko miki da makirfo. Ki ɗauki duk abin da tsohon nan ya rera kafin ya tafi. Musamman doguwar waƙar gayya. In ta tafi, ta tafi ke nan."

Doguwar waƙar gayya ita ce wadda Baba ke yi wa samari in suna noma a gonakin gefen dutse. Rabi Hausa, rabi Dakarci, cike da sunayen mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ba wanda ya iya ta daga farko zuwa ƙarshe sai shi. Kuma tun da Iya ta rasu bai sake rera ta ba. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi, ban tambaya ba.

Makirfon ya iso a hannun wani direba, ɗan ƙarami kamar ƙwayar dabino, da soso baƙi a kansa, da igiya gajera, da wurin sa iyafis don in riƙa jin abin da yake ɗauka. Gwajin farko abin tausayi ne. Na ajiye shi a tabarma, da muka saurara ba abin da ya fito sai kalangun Kawu da ƙafar Buba tana buga ƙasa. Na rataye shi a azara, iska ta riƙa lilo da shi, waƙar tana zuwa tana tafiya kamar rediyo mai mutuwar batir. Na ɗaure shi a kara na kafa a cikin tulu cike da yashi, na fita shan ruwa, na dawo na tarar akuyar gidan ta cinye soson. (Da safar jaririn maƙwabta na maye gurbinsa. Ruwan hoda ce, da hoton zomo. Da ita aka yi duk aikin.) A ƙarshe na gane ba abin da ya fi in riƙe shi da hannuna, in durƙusa tsakanin Baba da Kawu, in miƙa shi wajen bakin Baba, gwiwar hannu a kan cinya.

Daga nan ne kaina ya fara kumbura.

Kun san in ka sa iyafis kana jin abin da makirfo ke ji, duniya takan canza. Sai na fara jin abubuwan da ba wanda ke ji: kaza tana tono a bayan katanga, takalmin mai tallar awara, ɗigon ruwa daga kwano bayan an ɗauke ruwan sama, har cikin Kawu Manu in bai karya ba. Ni kaɗai ke da wannan kunnen, don haka ni kaɗai ke da iko. Ni da ba na iya ɗaga ido a gaban Baba, sai ga ni ina ɗaga hannu ina cewa a tsaya. Na sa aka rataya barguna a bangon zaure. Na sa aka kulle kaji a akurki, aka kai akuya gidan maƙwabta. Na roƙi matan gida su daina daka. Na ce wa Buba ya cire takalmi. Kawu ya raɗa mini suna Injiniya, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na amsa.

Sai maganar guɗa.

A wani gwaji, suna cikin wata gajerar waƙar biki, Gwaggo Asabe ta ajiye sandunan ƙwarya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. A cikin iyafis ji na yi kamar an soka mini tsinke. Da muka saurara, wurin ya fashe, ba a jin komai sai ƙara. Na miƙe tsaye na yi musu jawabi. (Ina ma ƙasa ta haɗiye ni kafin in fara.) Na ce makirfo ba ya ɗaukar abu mai kaifi haka. Na ce wannan aikin na tarihi ne, ba gidan biki ba ne. Na ce ranar doguwar waƙa, don Allah don Annabi, kada wanda ya yi guɗa, ko tari, ko atishawa.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, waƙar gayya ba guɗa?"

"Gwaggo, na'ura ce ba ta so."

"Ita na'urar uwar wa ta haifa?"

Kawu bai yi dariya ba, abin da ya kamata ya sa in yi tunani. Juyawa ya yi wajen Baba ya ce a hankali, "Baba, ka iyawa hakanan?"

Baba ya daɗe yana murɗa tsirkiyar molo. Sannan ya ce, da muryarsa mai yashi, "Injiniya ta ce. A yi yadda tac ce."

Na koma gida ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa ni ba.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan game da ni da guɗa. Iya Kande ita ce maguɗiyar ƙungiyar tun tana budurwa, kuma duk Rikoto an san muryarta. Ranar da na ci kyautar karatu a firamare, tana zaune can baya cikin iyaye, da aka kira sunana ta miƙe ta saki guɗar da ta sa hedimasta ya saki takarda. Yara suka yi mako suna kwaikwayonta a bayana. Tun daga ranar na ƙudurta ni ba zan taɓa yin wannan abin ba. Kuma ban taɓa yi ba. Ko a bikin ƙawata tafi kawai na yi. Ban ma san yadda ake juya harshen ba.

Asabar ɗin ita ce ta ƙarshe kafin tafiya Sakkwato. Likita ya hana Baba wahalar da murya, don haka tsohon ya ce sau ɗaya zai yi, in ta yi ta yi. An yi ruwa da asuba, gari ya wanku, duwatsun Zuru sun yi kore shar, har ana hango su ta ƙofar zaure kafin in sa a saki bargo. Matan gida da 'yan maƙwabta suka zauna a soron ciki, kowa ya rufe baki kamar ana jiran hukunci. Na duba cajin waya, na duba fawabank mai ajiyar caji, na gyara safar zomo, na durƙusa. Kafin in danna, na juya na yi wa Gwaggo wani kallo, na ɗora yatsa a leɓe. (Gwaggo, wadda ta yi mini wanka tun ina jinjira. Ita na yi wa haka.)

Molo ya fara.

Na sha jin molon Baba, amma ban taɓa jin sa daga ciki ba. A iyafis ina jin farcensa yana taɓa tsirkiya kafin sautin ya fito, ina jin ƙoƙon yana amsawa a jikin ƙirjinsa. Kalangu ya shigo a hankali, kamar mutum mai tafiya a bayan wani. Ƙwarya ta kama, tana bugawa daidai yadda garma ke faɗawa ƙasa. Sarewar Buba ta taso daga nesa, siririya, ta zagaye su. Sai Baba ya buɗe baki.

Ban san yadda zan bayyana muku ba. Muryar a dishe take, ba shakka, amma dishewar ba ta rage mata komai ba. Kamar tsohuwar ƙofa ce da aka buɗe, mutane suka yi ta fitowa. Yana kiran suna, ya faɗi gonar mai sunan, ya faɗi yadda yake riƙe garma, wane ne ke fara kunyar noma, wane ne ke fakewa da shan ruwa. Wani wurin Hausa, wani wurin Dakarci wanda rabi kawai nake ganewa, amma jikina ya gane duka. Na ga samari a jere sun sunkuya, bayansu yana sheƙi. Na ji ƙamshin jar ƙasa da aka juya. Zauren da na lulluɓe da barguna ya buɗe ya zama fili. Gashin hannuna ya miƙe. Na manta da waya, na manta da kaji, na manta ni ce Injiniya.

Waƙar doguwa ce, kuma tana hawa ne kamar hanyar dutse, ba ta sauka. Can sai na fara jin abin da ni kaɗai ke iya ji: numfashinsa. Yana janyo shi guntu-guntu tsakanin kalmomi, yana fito da wani siririn kuka a ƙirji. Kawu ya sassauta kiɗa yana kallonsa. Jijiyar wuyan Baba ta tashi. Tsoro ya kama ni, na ce a raina tsohon nan zai faɗi a gabana, ni kuma ina miƙa masa safar jariri. Amma bai tsaya ba. Ya bar maza, ya shiga matan da ke kawo fura gona. Ya kira ɗaya, ya kira biyu. Sai ya ɗaga murya zuwa inda ban zaci za ta kai ba, ya ce Kande, ƙanwata, mai tahowa da ƙwarya a ka, wadda in ta yi magana daga gindin dutse na saman dutse ke amsawa.

Abin da ya faru daga nan, wallahi ban yanke shawarar yin sa ba. Wani abu ne ya taso daga ƙasan cikina, ya bi ta ƙirji, ya cika mini baki. Hannuna ya tashi da kansa ya kama hancina, yadda mata ke yi. Kuma hannun da ya tashi shi ne na dama. Wanda ke riƙe da makirfo.

Na janye makirfo daga bakin Baba Tanko, a tsakiyar waƙar da sau ɗaya zai rera, na manna shi a kan leɓena, na rangaɗa guɗa.

Ba ƙarama ba. Doguwa, mai kaifi, mai karkarwa a ƙarshe. Ta dawo mini ta iyafis ta buge ni a kunnuwa biyu har na ga wuta. Kaji suka ɗauka a akurki. Akuya ta amsa daga gidan maƙwabta.

Da na dawo hayyacina, hannuna yana nan a hanci, idona a waje. Na zaci za a tsaya. Ba wanda ya tsaya. Kalangu ya yi tsalle, ƙwarya ta ƙara wuta, Baba ya dawo da murya cike, kamar wanda aka ba ruwa, ya ja waƙar har ƙarshenta. Ni dai na mayar da makirfo inda yake, hawaye da majina suna zuba, ba hannun da zan share. Haka na durƙusa har molo ya yi shiru.

Sai Gwaggo Asabe ta ajiye sandunanta a hankali, ta gyara ɗankwali, ta ɗora yatsa a leɓe tana kallona.

"Shhh," in ji ta. "Na'ura ba ta so."

Soron ciki ya fashe da dariya. Buba ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Kawu ya ce, "Injiniya, mu an ka hana tari. Ashe wuri kike gyara ma kanki!"

Ni ba dariya a raina. Na san abin da na yi. Na jona wayar da 'yar sifikar Kawu, na nemo wurin. Komai ya fito tsaf, molo kamar a taɓa shi, muryar Baba kamar yana zaune a cikin akwatin. Ya kira sunan Iya. Sai ƙarar hannu a jikin safa, sai guɗar ta fito ta cika zauren, sifikar tana zizza kamar za ta tsage. A ƙarƙashinta, can ƙasa, ana jin kamar Baba yana motsa baki, amma ba kalma ɗaya da ta tsira. Baiti guda, na wurin Iya, na binne shi da bakina.

Na rarrafa gabansa. Ban taɓa matsawa kusa da shi haka ba.

"Baba, ka yafe mini. Na ɓata. Ka faɗa mini abin da ka ce a wurin, ko da magana ce ba waƙa ba, in ɗauka daban in ajiye."

Ya dube ni da kallon nan nasa. Ya sha ruwa. Sannan ya ce, da ƙyar ake ji, "Mi nic ce a ina?"

"Bayan sunan Iya. Inda na rufe."

"Babu komi a wurin."

Na zaci haushi ne. "Baba, don Allah."

"Na ce miki babu. Ban taɓa sa magana a wurin ba. Wurin Kande ne. In ta yi guɗa, ni in sha iska, in huta, in kama sauran. In ba haka ba, wa ka iya hawa wanga dutse da numfashi guda?" Ya ɗan yi tari. "Da tat tahi, na gwada sau ɗaya ni kaɗai. Ban kai ba."

Sai a lokacin na gane tambayar da Kawu ya yi masa ranar jawabina. Gwaggo ce za ta tsaya a wurin Iya, ni kuma na rufe mata baki. Tsoho mai ciwon maƙogwaro ya yarda ya hau waƙar ba wurin hutu, don wata yarinya mai safar zomo ta ce na'ura ba ta so.

"Mayar," in ji shi, yana nuna sifika da haɓa.

Na mayar. Guɗar ta sake fitowa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba ya rufe ido. Gwaggo ta kai hannu baki, ba da wasa ba.

"Ƙara."

Na ƙara. Kuma da na saurara ba tare da kunya ta toshe mini kunne ba, sai na ji abin da suke ji. Karkarwar nan ta ƙarshe, inda muryar ke karyewa sau biyu kafin ta sauka. Na san ta. Na ji ta a filin firamare ranar kyauta, ranar da na sunkuyar da kai na yi kamar ban san mai yin ta ba.

"Kande ce," in ji Gwaggo a hankali. "Wallahi Kande ce."

Tsigar jikina ta tashi har tafin ƙafa. Ba wanda ya koya mini. Shekaru na yi ina gudun abin nan, ashe yana zaune a maƙogwarona yana jiran a kira sunansa.

Na ce wa Baba akwai yadda ake rage ƙarar, Yaya Sani ya san wani mai kwamfuta. Ya buɗe ido.

"Wanda yat taɓa wurin nan, ni da shi." Sannan, karo na farko a rayuwata, ya miƙo hannu ya ja mini kunne, irin na kaka da jika. "Amma gobe in za ki yi, ki nisanta abin nan da bakinki. Kin kusa kashe mu."

Da na tura wa Yaya Sani, saƙon murya ya dawo mini da shi, ba magana a ciki, dariya ce kawai har yana tari. Daga baya ya sake turo wani, gajere, muryarsa daban. Ya ce ya saurara ya kasa cin abinci.

An yi wa Baba aikin. Yana Sakkwato har yanzu, Kawu Manu yana jinyarsa. Baba bai fara magana ba, da hannu yake nuni, kuma likitoci sun ce sai a hankali za a san yadda muryar za ta kasance. Kawu ya ce abin da ya fi nunawa shi ne waya. A sa masa waƙar, ya kwanta yana bi da yatsa a kan bargo, in an zo wurin Iya sai ya ja dogon numfashi tare da ita. Ranar farko, wai, da guɗar ta tashi, ma'aikatan jinya biyu suka shigo a guje suna tambayar wa aka haifa.

Ni kuwa a Rikoto sunan Injiniya ya mutu. Yanzu in na wuce, yara kama hanci suke yi. An riga an aiko mini gayyatar biki biyu, ba don ɗaukar sauti ba. Ban amsa ba tukuna. Na gwada a banɗaki, a hankali, in ga ko zai sake fitowa, abin da ya fito kamar kukan buta ne a kan wuta. Hakan ya ƙara ba ni tsoro, ban san dalili ba.

Abin da na koya dai shi ne, kafin in sake yanke wani abu daga waƙar mutane, zan tambayi abin da yake riƙe da shi. Kuma in har zan kulle kaji, in kori akuya, in hana Gwaggo motsi, to in fara da bincika wadda ta fi kowa kusa da makirfo.